Awon Hannun Baba

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, mai gyaran agogo a kasuwar Gummi, kuma sai bana na iya ɗaura agogonsa a hannuna.

Baba yana da wata ɗabi'a da baƙi ba sa ganewa. Idan ka kawo masa agogo mai sarƙar ƙarfe da safe don ya rage maka ita, ba zai taɓa ba. Sai ya ce ka je ka ci kasuwarka, ka dawo bayan azahar, lokacin da zafi da tafiya suka ɗan kumbura hannu. Idan ka dawo, sai ya ce ka kwatanta masa alwala. In agogon ya matsa ya ba ruwa hanya, amma bai zamo ya hau bayan hannu ba, to ya zauna daidai. Wani mai haƙar zinariya daga Anka ya taɓa ce masa shi so yake a bar sarƙar sakwa-sakwa, in ya ɗaga hannu a ji ƙara. Baba ya ce, "Ɗan nan, ka sayi ƙararrawar awaki mana, ta fi ƙara."

Nakan tambayi kaina me zai ce da agogunan yau, masu maɗaurin roba, waɗanda ke ƙirga taku da bugun zuciya. Ba na jin zai raina su. Ina ganin zai kara ɗaya a kunne, ya ji shiru, ya yi ta juya shi yana neman inda ake buɗewa. Ko zai yarda agogo ya gaya wa mutum ya tashi ya yi tafiya? Wannan kam ban sani ba.

Nasa agogon Inna ta ba ni bayan arba'in. Da na sa, sai ya sulluɓe har kan yatsuna. Gyaran ba wuya, a cire 'yan gaɓoɓi daga sarƙar. Amma an raba rigunansa da hulunansa, kuma wannan zagayen ƙarfen shi kaɗai ya rage da ke riƙe da awon jikinsa. Na ga kamar in an rage shi, na rasa kaurin hannun da ya riƙe ni ranar da aka fara kai ni makaranta. Sai na naɗe shi a ƙyalle na ajiye.

Bana na fara koyarwa a Bukkuyum, inda ba a duba waya a aji. Da na ga ina bukatar agogo, sai na gaya wa Inna abin da ke hana ni ɗaura na Baba. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, mi kike jira? Mutumin da ya ƙare rayuwa tai yana tada agogon mutane, ke kin kwantar da nashi."

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Anka. Ya sa batir, ya auna hannuna, ya cire gaɓa huɗu, ya naɗe mini su a takarda. A kan babur, hanyar komawa, na buɗe takardar na jera su a tafin hannuna. Tsawonsu bai kai ɗan yatsana ba. Duk shekarun nan ina tuna Baba a matsayin ƙaton mutum, ashe abin da ke tsakanin hannuna da nasa bai wuce wannan ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.