Sunan da Yake Gogewa

A motar Goronyo zuwa Wurno, mutumin da ke gefen Malama Khairiyya ya baje ƙafafu kamar shi kaɗai ya biya. Hularsa sabuwa fil, babban yatsansa kuwa duk man ƙosai. Da shi yake latsa waya, cikin shafin da malaman firamare ke tara wa juna adireshin darussan intanet. Kowane darasi na ɗauke da sunan wanda ya samo shi. Shi kuwa gogewa yake, yana sa nasa. Da gani ya saba shan yabo da gumin wasu.

Ya ga tana kallo, ya washe baki. "Kin gani, Malama? Duk ni nat tara su."

Sunan da ke ƙarƙashin yatsan nan mai maiƙo nata ne.