Gishiri a Madarar Baba

A gidanmu na Gwandu shanun tatsa biyu ne, wata gajeriyar bokolo mai wuya kamar buhu, da wata ja mai dogayen ƙaho. Baba madarar jar kaɗai yake sha, da ɗuminta, bayan sallar asuba. Yakan ce ita bokolo yawa gare ta, daɗi kuwa sai ja.

Wata safiya ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ajiye ƙwaryar.

"Wa ya sa gishiri cikin madara?"

Inna tana shara, ko juyowa ba ta yi ba. "Malam, miya nika sa ma gishiri."

Ya ce to ba a wanke ƙwarya ba. Wannan magana ta yi wa Inna zafi, domin matan unguwa kan zo kallon ƙorenta saboda tsabta. Ran kasuwar Dodoru ta sayo sabuwa fil, ta tatsa a ciki a gabansa. Ya kurɓa. Gishiri na nan.

Sai laifi ya koma kan saniya. Baba ya hana ta lasar gishiri da kanwa. Kwana kaɗan ta fara lasar bango, daga baya ta kama babbar rigarsa ta Juma'a a kan igiyar shanya, ta tauna hannun dama har kafaɗa. Inna ta gani tun farko, amma ba ta kore ta ba.

Yayata tana karatun kiwon dabbobi a jami'a a Kalgo. Da ta zo hutu ta ji labari, sai ta ɗura madarar kowace saniya a kwalba daban, ta ce za ta kai ɗakin gwaji. Da ta koma makaranta, ta ajiye su a firjin ɗakin kwanansu. Kafin ta dawo daga aji, abokiyar zamanta ta juye su wuri guda ta sha gari, har tana yabon shanunmu. Dole yayata ta sake hawo mota zuwa Gwandu ɗibar wata madarar.

Da sakamako ya fito, ta zaunar da Baba da Inna a zaure. Ta ce jar ta daɗe da haihuwa, maraƙinta ya kusa yaye, nononta ya fara ƙafewa, kuma a irin wannan lokaci gishirin da ke cikin madara yakan ƙaru da kansa. Bokolo kuwa ba ta daɗe da haihuwa ba, shi ya sa tata ke da garɗi. Ta ƙara da cewa ko sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ba ɗaya yake ba tsakanin irin wannan saniya da waccan.

Baba ya shafa gemu. "Ke nan ba kowa ya sa ba?"

"Ba kowa, Baba."

Inna ta gyara zama tana jiran a ba ta haƙuri. Baba ya miƙe, ya wuce ta gabanta, ya nufi turke, ya tsaya gaban jar saniya.

"Ke kuma," in ji shi da ƙarfi yadda Inna za ta ji, "kin haɗa ni faɗa da mutuniyar kirki."

Inna ta ce ta karɓa, tunda dai iyakar abin da bakinsa zai iya ke nan.