Ƙwallon da Ba a Tafa Mini Ba

Wata Alhamis ce a hutun zafi na 1998, bayan azahar, lokacin da rana ke hana kowa leƙa titi a unguwarmu Harra ta Gabas, a Madina. Muna zaune a ƙasan falo, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta gurnani a jikin bango, ni da Yaya Rukayya mun sa allon kiram a tsakiya, allon katakon nan da ake barbaɗa wa hoda ana harbin ƙwayoyi da yatsa su faɗa ramukan kusurwa. Saura mata ƙwaya ɗaya, tana bakin rami, ko numfashi aka hura mata sai ta faɗa. Na ɗaga kai ke nan, sai na hango Umma a madubin kabad, tana tsaye a bayana, ta ɗan kanne wa Yaya ido. Yaya ta harba, ƙwayar ta yi wani waje daban. Na cinye wasan, suka hau tafi suna cewa, "Masha Allah, Auta ba dama." Shekarata tara, kuma ranar na fara jin tafi ya yi mini ɗaci.

Ni ne auta, ni kaɗai ne namiji, ga ciwon asma da ke kwantar da ni duk lokacin da sanyin Madina ya shigo. Ashe tuntuni Umma ta kafa doka a gidan: kada a bar yaron nan ya yi kuka, kuka na tayar masa da ciwo. Na zauna na bi duk cin da na taɓa yi, ban samu ko ɗaya da zan rantse a kansa ba. Tseren da muke yi a saman bene, me ya sa kullum takalmin Yaya ke cirewa daf da bango? Me ya sa Abba, da ke tafiya kamar ana korarsa in zai tafi asibitin da yake aikin haɗa magani, yake zama a bayana in mun yi rige-rigen shiga Harami? Daga nan na zama ɗan sa-ido. Malami ya rubuta mini "mumtaz", wato na yi fice, a makaranta, na ce ƙila Abba ya taɓa ba shi magani. Mutumin Afganistan da ke gasa burodin tamis a layinmu ya miƙo mini nawa kafin na wani yaro, na dawo gida ina tunanin ko Umma ta aika masa da saƙo. Duk wanda ya yi mini murmushi sai na nemi abin da ke bayan murmushin.

Ana haka sai ga Kawu Tijjani, ƙanin Umma, injiniyan lantarki da ya yi karatu a Amurka, ya samu aiki a Madina ya kama ɗaki kusa da mu. Cikin kayansa akwai wata doguwar jaka, a ciki sanduna biyu, kowace da 'yar raga a kanta, da wata ƙwallon roba mai tauri da ba ta fi lemo girma ba. Ya ce kayan wani wasa ne da ake kira lakros, da ragar ake cafke ƙwallo, a gudu da ita, a wurga ta gidan abokin karawa. Umma ta juya sandar ta ce wannan ai matsamin ƙosai ne aka yi wa dogon hannu. Maƙwabciyarmu Hajja Maryama kuwa, wadda kakanninta suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna, ba ta ɗauki abin da wasa ba, don a ganinta sandar ta kamun tsuntsu ce. Har ƙofa ta zo. "Ya ukhti, ki ja wa ƙaninki kunne, a ƙasar Harami ba a kama tantabara, haram ne." Duk rantsuwar Kawu ba ta gamsar da ita ba, ta daɗe tana leƙenmu ta taga.

Filinmu wani kango ne a bayan gidaje, cike da baƙaƙen duwatsun Harra masu kaifi. Sai da muka yi kwanaki muna tsince su. Kawu ya samo tsohon firam ɗin ƙofa na ƙarfe ya kafa, shi ne gida, ya ja da'ira a ƙasa kewaye da shi. Doka ɗaya ce: shi zai tsare, ni zan kawo hari, kuma in ƙafata ta taka da'irar nan, ko ƙwallo ta shiga ba ci ba ne. Bayan la'asar, in na gama gungura tukunyar gas zuwa shago na kuma ɗauko jarkar ruwan sha, sai mu fita. Ranar farko na riga na ga Umma ta ja shi kicin suna ƙus-ƙus, don haka na shirya masa tarko. Na wurga ƙwallon a sanyaye da gangan, in ga ko zai kauce ya bar ta ta wuce. Ya cafke ta ko motsi bai yi ba, ya dube ni ya ce, "Wannan harbi ne ko sallama?" A zagaye na biyu ya doki sandata ta yi tsalle ta bar hannuna. Na koma gida da kuka, Umma ta tare shi a ƙofa, "Tijjani, yaron nan fa ba shi da lafiya." Ya ce, "Yaya, ƙirjinsa ne ke ciwo, hannuwansa lafiya lau." Abin feshina na asma yana aljihunsa kullum. In numfashina ya fara sarƙewa sai ya tsaya, ya miƙo mini, ya jira na dawo daidai, sannan ya koma ya tsare gidansa ba sassauci.

A hannunsa na koyi cewa haushin rashin nasara ba abin kai wa Umma ba ne, abin kai wa bango ne. Nakan hau saman bene tsakanin igiyoyin shanya in yi ta dukan bango da ƙwallo, hannun dama har ya gaji, sannan hagu. Yakan ce, "Kar ka kalli idona, ido na ƙarya, kalli ƙuguna." In ƙwallo ta faɗi ƙasa na tsaya jiran ya ɗauka ya ba ni, sai ya kwashe ta ya yi gaba abinsa. Gwiwoyina suka cika da tabon duwatsu. Na daina kuka, na koma cizon leɓe da lissafin inda na kuskure. Fiye da shekara ban saka masa ko ɗaya ba. Amma zargin nan bai bar ni ba. Kullum ina jiran ranar da zai gaji da ni, ko Umma ta ci ƙarfinsa, ya buɗe mini hanya kamar sauran.

Sai labari ya zo cewa aikinsa ya ƙare, zai koma Nijeriya. Na san halin manya in za su yi tafiya, sai sun bar wa yaro abin tunawa. A makonsa na ƙarshe, wata la'asar, na taho da gudu na karkata dama, ƙugunsa ya bi ni, na mayar da sandar hannun hagu na dankara ƙwallon a ƙasa. Ta yi tsalle ta bi ta gefen ƙafarsa, ta ratsa firam ɗin, ta daki bangon baya. Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallon fuskarsa, ina jiran murmushin nan da tafin nan. A raina na ce shi ke nan, tsarabar bankwana ce ya ba ni.

Kawu ya ɗaure fuska tamau. "Ba ci ba ne. Ka taka layi."

"Wallahi Kawu ban taka ba."

"Na gani da idona, ya walad."

Muka tsuguna a kan da'irar, na nuna masa sawun takalmina, tsakaninsa da layin akwai tazarar tafin hannu. Ya ce wannan sawun ɗazu ne. Ya ce ga rana ma ta shiga masa ido, ga takalminsa na santsi. Babban mutum, injiniya, yana ta haƙilo da ɗan yayarsa a kan ƙura, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce khalas, yau an tashi, ya saɓa sandarsa ya yi gaba bai jira ni ba. Da muka isa gida ya ƙi shan shayi, ya ce wa Umma, "Ɗan nan naki ya fara maguɗi." Umma ta juyo za ta ba ni haƙuri sai ta tarar ina dariya har da hawaye. Duk waɗanda suka taɓa bar mini nasara, babu wanda ya taɓa jin haushinta. Ranar na san na ci, kuma wani daɗi ya cika ni da ban taɓa jin irinsa ba.

Yanzu an gina benaye a kangon nan, yaran unguwar kuma a waya suke karawa, kowa a ɗakinsa. Ni ma na girma, ina aiki inda ake yawan cewa "madalla" ko an yi ko ba a yi ba, sai in yi godiya in wuce, ina kewar mutumin da ba ya raga mini. Kawu Tijjani yana Kaduna, gemu ya yi fari, gwiwa ta hana shi hawa bene. Duk sallah in na kira shi, bayan gaisuwa da tambayar iyali, nakan ce, "Kawu, ƙwallon nan fa ta shiga." Sai in riƙe numfashi har in ji ya ce, "Ka taka layi." Ranar da ya ce na ci, ranar zan san Kawu ya tsufa.