Durgun Inna

Innarmu ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba, kaji ta bari. Kajin ma ba irin waɗanda ake nuna wa baƙo ba ne. Durgu ne, masu gajerun ƙafafu, in suna tafiya ƙirjinsu na sharar ƙasa, suna rangaji hagu da dama. Tun ina yarinya a gidanmu na Ƙofar Kware da su na buɗe ido. Inna takan ce daga ƙauyensu ta zo da uwarsu ta farko, cikin kwando, ranar da aka kawo ta gidan Baba, kuma irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. In aka yi wa kajin dariya ba ta jin haushi, sai ta ce, "Ku yi ta yi. Kazad da ba ta tsallake katanga ba ta jawo maka hwaɗa da maƙwabta."

Da ta rasu, bayan sadakar arba'in, 'yan'uwana mata suka ɗauki atamfofi da tukwane, ni na ɗauki kaji. Ba wanda ya yi gardama, don ita da bakinta ta sha faɗa gaban mutane cewa ni ce zan iya da su. Na zuba su a kwando biyu, na hau keke napep da su zuwa gidana a Gidan Igwai.

Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, saboda haka dusa da tsaki ba su taɓa zama abin nema ba. Shi ne da kansa ya sa aka yi musu akurki na waya da kwano, yana ta alfahari da shi. Na ce masa kwano a Sakkwato ai gasa kaji ne tun da ransu. Na sa aka ja akurkin ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na lulluɓe rufin da tsohuwar tabarma, na kwantar da fasasshiyar randa a lungu, na zuba yashi da toka a ciki ta zama gurbi, yadda Inna take yi. Suka sake, suka yi ta yaɗuwa. In baƙo ya zo sai in aika kasuwa a sayo kaza, nawa na kallo. Maigida yakan ce sabo da kaza ba ya hana yanka, in ce masa wannan karin maganar ba da kajin uwata aka yi ta ba.

Sai ga annoba, ana fita sanyi ana shiga zafi. Ta faro daga ƙarshen layinmu tana bin gida gida. Da safe za ka ga kaza ta tsaya wuri ɗaya, ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, kafin la'asar ta miƙe. Ba abin da ban yi ba. Na jiƙa barkono, na jiƙa ɓawon maɗaci, na fasa kafso ja da rawaya a ruwansu, na je wurin mai maganin dabbobi ya ce da rigakafi na yi tun kafin ta zo. Zakaran ya tafi, sagarun suka bi shi. Ta ƙarshe ita ce tsohuwar wake-wake, mai ɗigon baƙi da fari, wadda Inna ta ciyar da hannunta. Ranar da ta mutu na zauna bakin akurki na yi kuka sosai, da girmana da 'ya'yana, kuma har yau ban ji kunyar kukan ba.

Abin da ya rage mini ƙwai biyar ne cikin ƙwarya, a gindin randar ruwa inda ya fi sanyi. Wake-waken ce ta saka su kafin ciwon ya kama ta, ina tarawa da niyyar in ta fara kwanci in mayar mata. Duk irin durgun Inna ya dawo cikin ƙwaryar nan.

Maigida ya shigo da burodi a hannu, ya leƙa ƙwaryar, ya ce, "To, ƙwai a baka dai an ce ya hi kaza a akurki."

Na dube shi. Ya juya da burodinsa ya fita.

Ƙwai ba ya ƙyanƙyashe kansa, sai an sami kazar da za ta kwanta masa, kuma zafinmu ba ya jiran kowa. In ya kwana da yawa a ajiye ya tashi aiki. Kwanci kuwa ba a sayensa a kasuwa. Ko ka sayo kazar da ke kwanci, kana ɗaga ta daga gurbinta ka kai ta baƙon wuri sai ta watsar, ta shiga kiwo abinta. Kajin gidan gona kuma ba su san wani abu kwanci ba, su dai su saka su wuce. Dabara ɗaya ce, ka ɗauki ƙwan ka kai wa kazar har inda take.

Na yafa mayafi na shiga unguwa. Waɗanda annoba ta share ba su da abin ba ni. Waɗanda ta tsallake kuwa, da sun ji ƙwan daga gidana ya fito, sai fuska ta canza. Akwai wata maƙwabciyata da muke biki da suna tare, na san sarai kazarta ta kwanta, don ita ta gaya mini.

"Wallahi ta tashi," in ji ta. "Tun shekaranjiya tat tashi."

Daidai lokacin wata kaza ta yi gurnanin masu kwanci daga bayan turmi.

Na ce, "To wagga da nika ji fa?"

"Wagga ba tawa ba ta, ajiya ta."

Na yi mata sallama na fito. Raina ya ɓaci, amma a hanya na tambayi kaina ko ni zan karɓi ƙwan gidan annoba in sa wa tawa. Na dai ci gaba da jin haushinta.

Maigida ne ya kawo labari daga kasuwa. Ya haɗu da ƙanena, wanda ke zaune a gidanmu na Ƙofar Kware da iyalinsa, ƙanen nawa ya ce masa kazar matarsa ta fara kwanci. Matar nan Bakanuwa ce, har yau Amarya nake ce mata ko da yake ta yi 'ya'ya uku. Ba mu taɓa faɗa ba, gaisuwa lafiya lau. Sai dai bayan rasuwar Inna ba da daɗewa ba, sai ta sa aka rushe akurkin laka da ke tsakar gida, aka malale wurin da siminti, ta jera furanni cikin gwangwanayen fenti. Tun daga nan in na je gidan ba na daɗewa. Na riƙe abin a raina, ban kuwa taɓa faɗa mata ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cika ƙwaryar da dusa, na binne ƙwan a ciki don kada su bugi juna, na ɗaure da ɗankwali, na tari keke. Mai keken yaro ne mai jinin gudu. Tun ramin farko na ce masa, "Kai ɗan nan, ba buhun albasa ka ɗauko ba." Ya waiwayo ya ga na rungume ƙwarya da hannu biyu, ya tambaya ko maras lafiya za mu dubo. Na ce ya dai tafi a hankali. Haka muka ratsa gari, 'yan kabu-kabu a kan babura na wuce mu suna yi mana hon.

Na iske Amarya tana tsintar shinkafa. Bayan gaisuwa ban yi kwana-kwana ba, na ce mata ƙwan daga gidan annoba ya fito, na goge shi da busasshen tsumma, amma ba ni da tabbacin komai, in ta ƙi ba ta yi laifi ba.

"Na ji abin da ya faru, Yaya," ta ce. "Kawo su."

Kazar tata ja ce, doguwa, mai ƙafafu kamar na zalɓe, ita kaɗai gare ta. Ta yi gurbi a lungun tsohon madafin Inna, bayan itace. Amarya ta sa hannu ƙarƙashinta, kazar na saran ta, ta kwashe nata ƙwan duka. Ta ce in aka bar su tare nata za su riga fashewa, uwar ta tashi ta bar nawa. Ban zaci ta san wannan ba. Ta jera biyar ɗin, kazar ta dube su da ido ɗaya, ta tura su ƙarƙashinta da baki, ta baje. Yara suka sha wainar ƙwai a ranar.

Ni kuwa ba na son a yi mini alheri in tafi da shi a wuya. Na ɗaga murya yadda ƙanena zai ji daga ɗaki, na ce, "Amarya, bisa al'ada za mu yi. Abin da anka samu rabawa za a yi, kuma mai kaza ita ka hwara zaɓe." Ta ce ba sai an yi haka ba. Na ce sai an yi.

Daga nan ƙafata ta saba da Ƙofar Kware. Nakan zo da tsaki a leda, in duba ko an sa wa kazar ruwa kusa, in yi ta ba da umurnin da ba wanda ya nema. Amarya ta ce to, ta miƙo mini tire mu yi tsinta. Takan kwaikwayi maganata, ta ce ita har yau in na yi sauri rabi take ji. Ni kuma in ce mata Kanawa sun tauna Hausa sun zubar da gardin. Na lura tana yayyafa ruwa a ƙasan lungun da rana don ya yi sanyi, ban ce ta yi ba.

Inna ta sha gaya mini ƙwan durgu ba ya fashewa duka, kuma ko cikin waɗanda suka fashe sai an sami masu dogayen ƙafafu. Haka aka yi. Biyu suka fito, uku suka zama ɓaragurbi. Na durƙusa a lungun nan, gwiwoyina na ƙara, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ƙafafunsa zara-zara. Na biyun da na ajiye shi sai ya yi taku biyu ya dafe ƙasa da ƙirji. Na yi hamdala a fili.

Ba a raba 'yan tsaki da uwa sai ta yaye su, saboda haka a can suka girma. Amarya na kife su da kwando in shirwa ta fara shawagi. Dogon ya zama zakara, ja mai sheƙi, da tsayi da fankama. Durgun ta zama sagara, ɗigon baƙi da fari ya fito mata sak irin na uwarta. In ta biyo jar kazar a guje tana rangaji, Amarya takan yi dariya har ta riƙe ciki. Wannan dariyar ce ta kwantar mini da hankali, na ce ai zakaran za ta ɗauka.

Ranar rabo na zo da kwandona. Muka tsaya tsakar gida, na ce, "To Amarya, zaɓi."

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Yaya, durgun nake so."

Na hau keke da ƙwarya, na sha wulaƙanci a unguwa, na yi ta jigila, don wannan 'yar sagarar kaɗai. Kuma ni da bakina na kafa sharaɗin, da ƙarfi, gaban shaida. Na buɗe baki ban san me zai fito ba, sai ta riga ni.

"Lokacin da Inna take kwance, da la'asar nakan fito da ita nan bakin ƙofa, in ba ta tsaki a hannu tana watsa musu. Ta ce in wake-waken ta sake ƙyanƙyasa za ta ba ni sagara ɗaya, in koyi kiwo. Allah bai nufa ba." Ta share ido da bayan hannu. "Washegarin da kika tafi da su, na fito da safe na watsa tsaki, na manta. Ba abin da ya zo. Akurkin nan kuma kullum in na fito sai in gan shi a buɗe, shi ya sa na ce a cire."

"Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

"Ke ce 'yarta, Yaya. Ni da wane baki?"

Ban taɓa kawowa a raina akwai wanda ke kewar Inna ta wajen kajin nan ban da ni ba. Ni na yi kukana a Gidan Igwai da kaji cike da akurki. Ita tana nan cikin gidan, da ƙofar da tabarmar da komai, ba ko ɗan tsako. Tausayinta ya kama ni, haushin kuma bai gama sauka ba. Sagarar kuwa tana can tana ƙoƙarin hawa dakalin ƙofar Inna, ƙafafun sun ƙi kai ta.

Na sunkuya na cafke zakaran, ya yi ta ihu yana dukana da fiffike, na tura shi kwando na ɗaure.

"Toka za ki riƙa sa mata a gurbi," na ce. "Kuma kak ki bari ta sha ruwan wanki."

"To, Yaya."

Na kai zaure ke nan ta biyo ni da sauri, ba ko takalmi. Idonta ja, amma tana murmushi.

"Ƙwan farko naki ne," ta ce. "Sai dai ki fara neman mai kwanci tun yanzu."