Wasiƙar Asibitin Baba

Ƙarfe huɗu daidai na yammacin jiya, ina falo a gidana da ke unguwar Levenshulme a Manchester da 'yata da ɗan ƙanena na unguwar Sparkbrook a Birmingham. Suka sake ɗauko musun da ya ishe ni: Turancin Manchester ne daidai ko na Birmingham? Sai na tuna marigayi Baba.

Sun taɓa yin wannan musu a gabansa. Ya ajiye shayinsa mai citta, ya miƙa musu wasiƙar asibiti. "To, malamai, ku faɗa mini da Hausa abin da likita yake so." Suka yi ta kame-kame. Da na karɓa na duba, ranar ganin likitan ta wuce da kwana biyu.

Mai karatu, ka roƙa masa gafara. Allah ya haskaka kabarinsa.