Kabarin Malama Thirtle

Beryl Gotts ba ta da wani labari, ita ma haka take cewa. An haife ta a Ormsea, a gidan da ke kallon ƙofar coci, da ta yi aure ta koma ƙarshen layin. In ka cire wani zuwa Landan da ta yi ta dawo da ciwon kai, ban san ta taɓa kwana a wani gari ba. Mijinta Alec masunci ne, ƙaguwa yake kamawa, ita kuma ta dafa ta ɓare ta sayar wa baƙi a bakin ƙofa. Ba su haihu ba, haka dai muka sani. Alec ya daɗe da rasuwa, yana kwance a kudancin coci inda rana ke sauka, an ma bar fili a jikin dutsensa don sunanta.

Ni ce Doreen, aji ɗaya muka yi da ita a makaranta. Tun muna da ƙarfin durƙuso mu biyu ke goge tagullar coci duk Asabar: alkukai, da gaggafar da ake ɗora Littafi Mai Tsarki a bayanta, da surar wani jarumi da matarsa da aka manna a daɓe tun kafin kakannin kakanninmu. Hancin matar ma ya shafe, wai don yawan guga, kuma ni ake zargi. Ni ke surutu, Beryl ke aiki. Ba ta dariya sosai, ba ta fushi, ban kuma taɓa ganin hawayenta ba, ko a ranar da aka binne Alec. Ranar ma damuwarta ita ce ko burodin zai ishi mutane.

Abu ɗaya ne nata da ke ci mini rai. In mun gama guga, sai ta ɗauki tsohuwar kwalbar jam ɗin shafa wa burodi ta zuba ruwa ta sa furanni, ta zagaya arewacin coci. Arewa kuwa kowa ya san na su waye: waɗanda teku ya amayo ba a san danginsu ba, da waɗanda suka kashe kansu, da waɗanda ba su da mai tsaya musu. Rana ba ta zuwa wurin, gansakuka ce kawai ke jin daɗinsa. Can take kai kwalbar, kan kabarin Malama Thirtle. Sai in furanni sun yi saura Alec ya samu.

Malama Thirtle ita ta koyar da mu. Doguwa ce, busasshiya, ba ta taɓa aure ba, kuma in tana son yara to ta iya ɓoyewa. Da gefen rula take dukan yatsu. Ta mutu a shekarar babban sanyin nan da ruwan bakin gaɓa ya daskare, kuma waɗanda suka raka ta ba su cika benci guda ba.

"Ke Beryl, me matar nan ta taɓa ba ki ban da rula?" nakan ce mata.

"Ba mai kai mata," takan ce.

"To ai da dalili! Ni har yau in na ga rula sai na dunƙule hannu."

"Miƙo min tsumman nan, Doreen."

Iyakar hirar ke nan, shekara da shekaru.

Tekun kuwa bai taɓa hutawa ba. Muna yara akwai gonar sha'ir tsakanin coci da gaɓa, akwai hanya, akwai gidan su Kerrison. Duk sun tafi. Ƙasarmu laka ce da yashi, kowane hunturu sai ta zaftare, da bazara a zo a ja shinge baya, mu ci gaba da harkokinmu. Mun saba har mun daina zancen. Sai da wani mai yawo da kare ya tsinci abin da bai kamata kare ya ɗauko ba a ƙasan gaɓa, sannan aka tuna ai maƙabarta ce ta zo baki.

Rabaran Hollis ce ta faɗa mana, ran Lahadi bayan sujada. Yarinya ce a wurinmu, mai kirki, kullum a guje, don coci-coci da yawa ke wuyanta. Mu da muka zo ba mu fi cikin ƙaramar mota biyu ba, duk mun taru kusa da hita da rigunan sanyinmu. Ta ce an samu fili a bayan gari, nesa da ruwa. Duk kabarin da ke da dangi a raye, in dangin sun nema, za a roƙi izinin bishop a ɗauke shi a mayar can. Waɗanda ba su da kowa sai dai a yi musu addu'a a bar su, don ba a taɓa matacce sai da dalili da kuma mai nema. Layin arewa, in ji ta, da wuya ya wuce hunturu biyu.

Beryl ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Malama Thirtle fa?"

"'Yar'uwarki ce, Mama?"

"A'a."

"Tana da wani a raye?"

"Ba kowa."

Rabaran ta ce ta yi haƙuri. Beryl ta ce ba komai, ta tashi ta soma tattara littattafan waƙa.

Asabar ta zagayo. Muna durƙushe kan jarumin nan, ni ina ƙafafunsa ita tana kansa, ina ta ƙorafin gwiwata. Na ce mata ta daina damun kanta, ai teku ma in ya haɗiyi Malama Thirtle sai ya amayo ta.

"Yarinyata na ciki," ta ce.

Ban gane ba. Na ce wace yarinya.

Ba ta ɗago ba, ba ta kuma daina guga ba. Ta ce a shekarar babban sanyin nan tana da ciki, wata bakwai. A lokacin ni ina aikin otal a wani gari, hanya ta toshe, kowa na ta kansa. Naƙuda ta zo mata da wuri, yarinyar ta fito ba rai. Ungozoma ta naɗe ta a tawul ta fita da ita, ta ce gara kada ta gani, wai sai ta fi saurin mantawa. Haka ake yi a lokacin, ni ma na sani, kowa ya sani. Jaririn da bai yi numfashi ba ba a yi masa baftisma, ba a kaɗa masa ƙararrawa, ba a ba shi suna ko kabari. Sai uban ya kai wa mai haɗa akwatin gawa, shi kuma ya sa shi a gefen ƙafafun duk babban da za a binne a makon, a rufe, ba wanda zai sake tayar da maganar.

"Da na tashi na tambayi Alec," ta ce. "Ya ce, 'Tana wajen Malama Thirtle.' Ya ɗauki hularsa ya fita. Har ya mutu ba mu ƙara yin zancen ba."

"Shekara kusan sittin, Beryl! Ina nan gefenki ina zuba kamar famfo, ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Me zan ce? Ba a tambaye ni ba."

Da a ce na yi kuka da na faɗa muku. Ban yi ba. Ban ji komai ba, sai sanyin daɓe a gwiwata. Muka gama jarumin, muka koma kan gaggafa.

Amma bakina bai mutu ba. Washegari na tare Rabaran a bakin motarta na ce mata tana da aiki. Ta zo gidan Beryl, ta zauna ta ji, ta riƙe kofin shayi har ya huce ba ta kurɓa ba. Ta ce uwa dangi ce, wannan ba gardama. Matsalar ita ce ba a rubuta komai a ko'ina ba, don irin wannan ba a rubutawa. Sai Beryl ta faɗa da bakinta a gaban kwamitin coci, su shaida, sannan a kai wa bishop.

"A gaban su Gerald?" Beryl ta ce.

Gerald Cubitt ne shugaban kwamitin, mutumin da in ya soma bayanin rufin coci sai ka yi barci ka farka ka same shi a kai.

"In ba za ki iya ba, Mama, ba dole," in ji Rabaran.

"Zan iya. Magana ce kawai."

Ta kuwa faɗa, a ɗakin ajiye rigunan limamai, tana tsaye da jakarta a hannu, da muryar da take faɗin kuɗin ƙaguwa. Can sai Gerald ya cire tabarau ya ce shi ma uwarsa ta taɓa cewa yana da ƙane a wani wuri a arewacin nan, ba ta faɗi wajen wa ba, yanzu kuma ba mai sani. Ranar ce kaɗai na ga Gerald ya yi magana gajeriya.

Izini ya ɗauki lokaci, kamar yadda komai na coci ke ɗauka. Hunturu ya shigo, iska ta kwana biyu tana dukan hasumiya, gaɓa ta sake zaftarewa ta tafi da shinge da kaburbura na bakin layi. Aka hana kowa zuwa arewa. Beryl sai ta riƙa ajiye kwalbarta a gindin sabon shingen. Na tambaye ta ko tana barci, ta ce lafiya lau take barci. Na yarda, don Beryl ba ta ƙarya.

Da bazara masu tonon suka zo, suka kafa tanti a kan kabarin, tazararsa da baki bai fi tsawon bencin coci ba. Shugabarsu wata mata ce mai takalman roba da hannuwa jajaye don sanyi. Mu muna cikin coci muna dafa musu shayi. Wajen la'asar ta shigo, ta cire hularta, ta nemi Beryl.

"Mama, mun same ta."

Beryl ta ce to.

"Za mu iya ware ta mu sa ta a nata ƙaramin akwati. Rabaran ta ce in kina so a kai ta kabarin maigidanki, inda ke ma za ki kwanta, ku haɗu ku uku. Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani. Ba a ƙafa take ba. Wanda ya sa ta, a hannun matar ya sa ta. Nan." Ta lanƙwasa hannunta na hagu a ƙirji ta nuna.

Butar shayi ta soma kuka a bayanmu. Beryl ta juya ta kashe ta, ta zare wayar daga bango, ta goge ruwan da ya zuba a tebur.

"Tun ranar tana riƙe da ita ke nan," ta ce.

"Haka ne, Mama."

"Ni ko sau ɗaya ban riƙe ta ba. Ba za ta san hannuna ba." Ta ninke tsumman ta ajiye. "Ku bar su yadda suke. Ku ɗauke su tare."

Na ce, "Beryl, ki yi tunani. 'Yarki ce fa."

"Na yi, Doreen. Sukari nawa suke sha?"

Aka binne su a sabon filin, gefen shingen ƙaya, rana na sauka a wurin daga safe har yamma. Wannan karon an kaɗa ƙararrawa, Gerald ne ya ja igiyar. Beryl ta tsaya da jakarta har aka gama, ta yi wa kowa godiya.

Ta ƙara shekara biyu tana guga tare da ni, sannan ta kwanta ba ta tashi ba. Yanzu ni kaɗai ke yi, kuma ba na durƙusawa, jarumin nan sai dai ya yi haƙuri. Sunanta na jikin dutsen Alec, a filin da aka bar mata. In na gama nakan cika kwalbar jam ɗin, in sa sanda in taka har sabon filin, tafiyar da ba ta yi wa gwiwata daɗi. Nakan ajiye wa matar da ta fasa mini yatsu furanni, in ce mata sannu da reno.