Itatuwan Alhaji Baɗi

Duk wanda ya taɓa zama taron lajna, wato kwamitin unguwarmu, ya san mazaunin Alhaji Baɗi: can bakin tabarma, ƙafa ɗaya a kai ɗaya a ƙasa, sanda a jingine da gwiwa, buta cike da ruwa a gefe, kamar mai jiran lori ya tsaya masa. A ce masa, "Baba, matso ciki mana," sai ya ce, "Ku mazauna ku matsa. Matafiyi ba ya shiga tsakiya, kada a tashi tafiya ya tattake mutane." Shekara da shekaru yana wannan zaman ɗofane, kuma ban taɓa ganin ya yi fashin taro ko sau ɗaya ba.

Sunansa na yanka Haruna, amma na san rabinku yau kuka fara ji. Kakana ne na wajen uwa, shi ya rene ni. Yana ce mini Amarya, ina ce masa Ango, irin wasan jika da kaka. Ubansa ne ya taso da shi daga ƙasar Hausa a ƙafa, yana ɗan ƙanƙane, za su Makka. Suka yada zango a Mafaza, wai su yi noman damina ɗaya su sami guzuri. Damina ɗaya ta haifi goma, uban ya rasu a can, shi kuma ya gangaro Gadarif yankan riɗi da dawa, ya kafa bukka a bayan rafi, lokacin babu kowa a nan sai ƙaya. Tun daga ranar, in ka tambaye shi yaushe ne tafiya, amsar ɗaya ce: "Baɗi, in Allah ya kai mu." Da mutane suka gaji da jira, sai suka ba shi Alhajin tun kafin ya je.

Haraminsa kuwa yana nan, fari sol, a naɗe cikin akwatin ƙarfe. Duk shekara sai ya fito da shi ya shanya a igiya, ya zauna yana kallon iska tana kaɗa shi, yana ba ni labarin teku. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Rahad ba! Amma in ya lumshe ido ya fara, sai ka ji kamar ƙafarka ta jiƙe.

"Ruwa ne, Amarya, ruwa har ya haɗe da sama. Kuma babu mai jaki da zai ce sai ya auna miki a jarka."

To, kun san abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya a lajna: unguwarmu ba ta da takarda. Gari ya yi ta girma har ya cim mana, aka fara maganar tsara filaye. Unguwar da aka tabbatar tsohuwa ce za a bar ta inda take a yanka mata tituna, wadda aka ga sabon zama ce a tashe ta a mayar can gaba. Mu kuwa a nan aka binne cibiyarmu, a nan iyayenmu suke kwance. Shi ya sa Ustaz Idirisa, shugaban lajna, ya hana mu sakat da nafir, wato aikin gayya, don ko baƙo ya zo ya ga unguwa ce ta mutane. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna, don haka duk gardamar Ango tana cikin littafina.

Kowace shawara aka kawo sai ya soke ta. Ranar da aka ce za a yashe magudanar ruwa kafin damina, ya ɗaga sanda.

"Ya jama'a, duka zaman na nawa ne? Wa ya taɓa ganin matafiyi yana gyara wa zango lambatu?"

Aka ce an ji, Baba, ka huta. Washegari muka fito da shebur da kwanduna, sai ga shi tsundum a ciki, ya riga kowa, har ya yashe daga ƙofar masallaci zuwa injin niƙa. Ruwan farko ya sauka da asuba, kun kuma san baƙar lakar Gadarif, in ta kama ba ta saki. Ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Samari suka yi caa za su tono masa, ya hana su. Ya tsaya yana kallon ramin, ya ce da ƙasar, "Kin riƙe ubana, kin riƙe ni, yau kuma takalmina? Ma'alesh, ba komai. Ajiye mini, baɗi in zan wuce na karɓa." Haka ya ƙarasa aikin da takalmi wari ɗaya, kuma sai da ya yi wata biyu yana yawo da warin, wai ai ɗan'uwansa ajiya ya ba da.

Sai maganar itatuwa. Duk shekarar da alhazai suka tashi suka bar shi, sai ya dasa darbejiya guda, nim ɗin nan, a layi, daga ƙofar gidanmu ya miƙe ya nufi alƙibla. A garin da ruwa yake da tsadar rai, kun san da me ya raya su? Da ruwan alwala. Bai taɓa yin alwala a banza ba, sai a gindin ƙaramar bishiya. Baƙo ma in ya zo, sai ya bi shi da buta: "A'a, ba nan ba! Waccan ta ƙarshe, tun jiya ba ta sha ba." Akwai limamin da ya zo mana daga Doka, sai da Ango ya sa shi ya raba alwalarsa biyu, fuska a gindin wata, ƙafafu a gindin wata.

Na taɓa ce masa, "Ango, kai da za ka tafi baɗi, wa kake dasa wa?"

"Na baya mana. Masu zuwa a ƙafa su sami inuwa."

"Wa yake zuwa a ƙafa yanzu? Jirgin sama suke hawa."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban gajimare. "To, in sun leƙo ta taga, sa ga hanya."

Kowace bishiya da sunanta, kuma sunan shi ne dalilin da ya hana shi tafiya a shekarar. Mu yara muka tashi muna cewa mu haɗu a gindin Fara, ko an ɗaure akuya a Rufin Masallaci, ba mu ma san abin da muke faɗa ba. Guda ɗaya ce a tsakiyar layin bai taɓa faɗin sunanta ba. In na tambaya sai ya ce, "Wannan ba ruwanki," har na ɗauka sunanta ke nan.

Ranar da aka ce muhandis, injiniyan tsara filaye, zai zo duba unguwa, kuma yana son ganin wanda ya fi kowa daɗewa, hankalin lajna ya tashi, don kowa ya san ko waye. Da la'asar muka tasa Ango gaba, ni da Ustaz Idirisa.

"Baba, kalma ɗaya ce tak," in ji Ustaz. "Mu mazauna ne. Ka faɗa mu ji."

"Halas, shi ke nan, ya Ustaz, na ji. Yaro ne ni?"

Muhandis ya zo da hantsi, saurayi ne siriri mai ladabi, da littafi a hannu. An yi ruwa, motarsa ta kasa shigowa, ya bar ta can ƙarshen itatuwa. Aka zaunar da shi a rumfa, aka zuba jabana, ƙamshin gahawa da citta ya cika wuri. Ya dubi Ango ya tambaye shi da Larabci, "Ya Hajj, tun yaushe kuke zaune a nan?"

"Zaune?" in ji Ango. "A'a, ya waladi, ɗana, mu ba zaune muke ba. Wucewa muke yi."

Ustaz Idirisa ya ƙware da gahawa, sai da aka bubbuga masa baya.

"To yaushe za ku tashi?"

"Baɗi, in Allah ya kai mu."

Muhandis ya rubuta, ya ce, "Kwayyis, madalla, ashe abin ma da sauƙi," ya rufe littafi. Wallahi na ga gidanmu, na ga kabarin mahaifiyata, na ga an bar su a baya. Ban taɓa jin haushin tsohon nan irin na ranar ba. Na sunkuya na ce masa da Hausa, "Ango, ka kashe mu."

"Ƙarya kike so in yi da furfurata?"

Ya miƙe ya ɗauki sanda, wai ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya. Muka bi su a baya. Da suka shiga inuwar, muhandis ya rage tafiya. Rana tana ratsowa ta cikin ganye, kurciyoyi suna kuka, iska mai sanyi tana bin layin. Ya dafa ta farko, wadda mutum biyu ba sa rungume ta, ya ce, "Ya Hajj, wa ya dasa wannan?"

Nan fa Ango ya tsargu. Sau biyu ke nan yaro yana ce masa Hajj, alhali bai je ba. Ya zaci gori ake shirin yi masa.

"Tsaya, ya waladi, kada ka ɗauka ragwanci ne ya hana ni. Kowacce da dalilinta. Wannan Rijiya ce, shekarar da muka haƙa rijiya muka tarar da dutse. Wannan Fara, ta cinye dawar kowa, ina zan tafi in bar mutane da yunwa? Wannan Rufin Masallaci. Wannan Shingen Maƙabarta. Wannan Ajin Yara, da hannuna na kwaɓa ƙasar."

Muhandis ya buɗe littafi a hankali. Ango yana ta kare kansa, bishiya bayan bishiya, shi kuma yana rubutawa yana ƙirgawa, har suka iso ta tsakiya. Ango ya yi kamar zai wuce.

"Wannan fa?"

Ya tsaya. Bai waiwayo ni ba. Ya ce, "Wannan Amarya ce. Shekarar nan na yi nisa, har na hau lori da akwatina. Aka zo aka ce 'yata ta rasu, ta bar jaririya ta kwana tara. Sai na sauko."

Shekarata talatin da ɗoriya ina wucewa ta gindinta, ba wanda ya taɓa gaya mini. Na ja mayafi na rufe fuskata na yi kukana, su kuma suka ci gaba har ƙarshen layi, hamsin da wani abu. Muhandis ya jingina da motarsa ya dubi itatuwan, ya dubi tsohon.

"Ya Hajj, duk waɗannan shekarun wucewa kake yi?"

"Hanyar ce da nisa," in ji Ango.

Yaron ya yi dariya har da hawaye, ya kama kan Ango ya sumbata. Sauran kun sani. Itatuwan suka zama shaidar daɗewarmu, aka bar mu a inda muke, kuma da aka zo yanka tituna, babban titin ya bi layin itatuwan, ko reshe ba a sara ba. Lajna ta yi walima. Ango ya zo, ya zauna a bakin tabarma yana gunaguni, wai an mayar da shi mazauni da ƙarfin tsiya.

Bara, ana gab da tashin alhazai, ya fito da harami ya shanya kamar kullum, ya ce in kwashe masa in rana ta yi sanyi. Ya kishingiɗa yana kallonsa. Da na kwaso na kawo, na tarar ya riga ya tafi. Da haramin aka yi masa sutura. Aka ɗauko shi ta ƙarƙashin itatuwansa, unguwa kaf ta fito, gaba mutane, baya mutane. Ina tsaye a ƙofar gida na ji Ustaz Idirisa yana cewa, "Yau dai Baba ya shiga tsakiya."

Na dasa guda a ƙarshen layi, na sa mata suna Baɗi. A gindinta nake alwala da butarsa, kuma ta kama, har ta fi ni tsawo.

Allah ka jiƙan Angona. Ka ba shi ladan tafiyar da ya yi niyya, da ladan duk abin da ya tsayar da shi. Ka yi masa inuwa kamar yadda ya yi mana, ka sauke shi a masaukin da ba a tashi. Amin.